William Gaston (1778-1844): Ɗan Katolikan da Tsarin Mulkin Jiharsa Ya Rufe wa Ƙofa

Mun saba kawo muku a wannan shafi labarin tsarkaka da shahidai, waɗanda Ikilisiya ta riga ta auna rayuwarsu ta ce mu yi koyi da su. Mutumin da muka ɗauko yau ba ya cikinsu. Lauya ne, ɗan majalisa, daga baya kuma alƙali, a wata jiha ta ƙasar Amurka da ake kira Karolina ta Arewa, ya kuwa rasu tun shekarar 1844, sa'ad da Sarkin Kano Ibrahim Dabo yake kan gadon sarauta. Sunansa William Gaston. Abin da ya sa muka waiwaye shi wata tambaya ce da samarinmu na Turawa da sauran ƙauyukan Ƙaraye da Rogo suke yawan yi mana a bakin majami'a in an tashi daga Misa: shin Kirista ɗan ƙasa, wanda mutanensa 'yan tsiraru ne a garinsu, yana iya shiga aikin hukuma ko siyasa har ya yi nisa, ba tare da ya bar sunansa na baftisma a gida ba? Gaston ya fi shekara 40 yana fama da wannan tambaya. A cikin amsar da ya bayar akwai abin ƙarfafa zuciya, akwai kuma abin kunya, duka biyun kuwa za mu kawo.

An haife shi ran 19 ga Satumba, 1778, a New Bern, wani gari na bakin ruwa inda kogin Neuse da kogin Trent suka haɗu. A lokacin Amurka tana tsakiyar yaƙin ƙwatar 'yancinta daga hannun Ingila. Mahaifinsa, Alexander Gaston, likita ne haifaffen Ailan, ɗan Furotesta, daga zuriyar mutanen da suka gudu daga Faransa saboda tsanantawar da sarakunan ƙasar, 'yan Katolika, suka yi musu. Mahaifiyarsa, Margaret Sharpe, 'yar Katolika ce daga Ingila, wadda ta ƙetare teku ta yi karatu a gidan Sistoci a Faransa, gama a zamanin dokar Ingila ta hana 'yan Katolika buɗe makaranta. Ashe ke nan ta wajen uwa da ta wajen uba, yaron ya gaji labarin mutanen da hukuma ta matsa musu a kan addini, sai dai wanda ya matsa wa wannan gefe shi ne aka matsa wa a wancan.

Bai cika shekara 3 ba ya zama maraya. A watan Agusta na 1781 sojojin Ingila da magoya bayansu 'yan ƙasa suka faɗa wa New Bern. Likita Gaston yana cikin manyan masu goyon bayan 'yanci, saboda haka shi ake nema. Ya shiga kwalekwale zai haye kogi, aka harbe shi a kan idon matarsa. Aka bar Margaret da 'ya'ya ƙanana a ƙasar da ba tata ba, cikin mutanen da ba su san addininta ba sai ta bakin masu zaginsa. Babu majami'ar Katolika ko ɗaya a jihar duka, Fada kuwa sai in wani ya biyo ta kan hanya. Ita ce ta zama katikis ɗin gidanta, ta koya wa William da 'yar'uwarsa Jane addu'o'i da koyarwar Ikilisiya. Iyayenmu mata da ke ƙauyukan da Fada ba ya zuwa sai bayan makonni sun san nauyin wannan aiki fiye da yadda za mu iya bayyana shi.

A shekarar 1791 ta tura shi arewa neman ilimi. Bishop John Carroll na Baltimore, Bishop ɗin Katolika na farko a Amurka, ya kafa wata kwaleji a Georgetown, kusa da inda birnin Washington yake yanzu. Da yaron ya isa a watan Nuwamba, sai ya tarar babu ɗalibi ko ɗaya sai shi. Shi ne ɗalibi na farko da aka rubuta sunansa a makarantar da ta zama Jami'ar Georgetown, jami'ar Katolika mafi tsufa a ƙasar. Rashin lafiya ya mai da shi gida a 1793. Da ya warware ya tafi kwalejin Princeton, wadda take hannun 'yan Firesbiteriya, ya gama a 1796 yana na ɗaya a ajinsu. Ya koyi aikin lauya a hannun François Xavier Martin, aka ba shi izinin tsayawa gaban kotu a 1798, yana ɗan shekara 20. Bayan shekara biyu aka zaɓe shi majalisar dattawan jihar, a 1808 kuma ya zama kakakin majalisar wakilanta.

To, a nan ne abin mamaki yake. Tsarin mulkin da jihar ta rubuta wa kanta a 1776 yana da wani sashe, na 32, wanda ya hana riƙe muƙamin hukuma ga duk wanda ya musanta samuwar Allah, ko gaskiyar addinin Furotesta, ko ikon Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. Kowa ya san da wa ake. Amma an ɗauka cewa kujerar majalisa ba ta cikin muƙaman da sashen yake nufi, tun da jama'a ne suke zaɓen mai ita, ba gwamnati ce take naɗa shi ba. An gwada wannan fassara a 1809, sa'ad da wani ɗan majalisa ya nemi a kori Jacob Henry, Bayahude mai wakiltar gundumar Carteret, domin bai gaskata da Sabon Alkawari ba. Gaston yana cikin waɗanda suka tsaya masa, Henry kuwa ya ci gaba da zama a kujerarsa. Mai hankali zai ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa, lalle kuwa akwai wannan a ciki. Duk da haka mu lura, karon farko da ya yi jayayya da sashe na 32 a bainar jama'a, a kan haƙƙin wanda ba Kirista ba ne ya yi ta.

Daga 1813 zuwa 1817 ya wakilci yankinsa a Majalisar Wakilai ta tarayya a Washington. Yana cikin 'yan adawa, ya soki yaƙin da Amurka ta sake shiga da Ingila a 1812, ya kuma yi suna wajen iya magana. Shi ne ya gabatar da buƙatar tsohuwar makarantarsa ta a ba ta ikon bayar da digiri, Shugaba James Madison ya sa hannu a dokar ran 1 ga Maris, 1815. Da ya koma gida ya sake shiga majalisar jiha, ya jagoranci dokar 1818 wadda ta kafa Kotun Ƙolin jihar. A cikin gidansa kuwa baƙin ciki bai ɗaga masa ƙafa ba. Ya yi aure sau uku, matan duka suka riga shi. Susan Hay ta rasu a 1804, ba ta daɗe a ɗakinta ba. Hannah McClure ta rasu a 1813 yana Washington, a cikin firgicin da ya kama New Bern da aka ji jiragen yaƙin Ingila sun iso gaɓar jihar. Eliza Worthington ta rasu a 1819. Daga nan bai ƙara aure ba har ya koma ga Ubangijinsa.

A shekarar 1820 Roma ta kafa Dayosis na Charleston, ta haɗa jihohi uku a ƙarƙashinsa, Karolina ta Arewa da ta Kudu da Jojiya, ta ba wani Fada ɗan Ailan, John England. Da sabon Bishop ya zo New Bern a 1821, a falon gidan Gaston ya yi Misa, gama babu wani wurin. Ya tattara 'yan Katolikan garin, 'yan kaɗan ne, ya naɗa waɗanda za su riƙa karanta addu'o'in Lahadi in babu Fada, Gaston yana cikinsu. Ku duba wannan hoto: lauyan da ake ji da shi a jihar duka, wanda ya yi muhawara da manyan ƙasa a Washington, yana tsaye ran Lahadi da littafin addu'a a hannu gaban mutanen da ba su cika ɗaki ba, yana yin aikin da katikis ɗinmu yake yi a ƙarƙashin rufin kwano. Ya zama aminin Bishop England kuma mai ba shi shawara a kan shari'a, ya taimaki jaridar da Bishop ɗin ya kafa a 1822, United States Catholic Miscellany, jaridar Katolika ta farko a Amurka. Majami'ar Bulus Mai Tsarki da suka yi ta tara wa kuɗi ba ta tsaya da ƙafafunta ba sai a 1841. Shekara 20 ke nan ana sujada a ɗakunan mutane.

Gwaji na sosai ya zo a 1833. Babban alƙalin Kotun Ƙolin jihar, Leonard Henderson, ya rasu, manyan jihar suka matsa wa Gaston ya karɓi kujerar da ta buɗe a kotun. Wannan kam muƙamin hukuma ne, babu wata fassara da za ta fid da shi daga sashe na 32, kuma sai ya rantse zai kiyaye tsarin mulkin da sashen yake ciki. Hanya mai sauƙi tana nan a buɗe: ya riƙa leƙa wata majami'ar Furotesta, ko ya yi shiru a kan addininsa har maganar ta bi ruwa. Bai bi ta ba. Ya yi shawara da masana shari'a, ya auna abin da lamirinsa, sa'an nan ya bayyana matsayinsa. Hujjarsa ita ce tsarin mulkin bai faɗi mene ne addinin Furotesta ba, bai kuma kafa wata kotu da za ta faɗa ba, alhali ɗariƙun Furotesta su kansu sun saɓa wa juna. Wani sashe na wannan tsarin mulki kuma ya hana fifita wata Ikilisiya a kan wata. Ɗan Katolika kuwa bai musanta Allah Uku Cikin Ɗaya ko Littafi Mai Tsarki da Furotesta suka riƙe ba, ƙari ma yake da shi a kansu. Majalisa ta zaɓe shi a watan Nuwamba na 1833, tana sane sarai da ko shi wane ne.

Gaskiya ɗaya ce, wannan hujja tana da ƙamshin dabarar lauya. Waɗanda suka rubuta sashen sun san abin da suke nufi, shi ma ya sani. Abin da ya wanke shi a idonmu shi ne bai shige ta wannan ƙaramar kafa ya ja bakinsa ya yi shiru ba. A 1835 aka kira babban taro a Raleigh, babban birnin jihar, domin gyara tsarin mulki, gundumar Craven ta tura shi wakili. Ginin majalisa ya ƙone tun 1831, don haka a cikin majami'ar Firesbiteriya aka yi yawancin zaman. Zamanin kuwa ba na sanyin zuciya ba ne ga 'yan Katolika: shekara ɗaya kafin nan, a watan Agusta na 1834, 'yan tarzoma suka ƙone gidan Sistocin Ursula a Charlestown, kusa da Boston. A cikin wannan yanayi Gaston ya miƙe, ɗan Katolika a tsakiyar Furotesta, a cikin ɗakin sujadarsu, ya yi jawabin da ya ci kwana biyu. Ya bayyana bangaskiyarsa ba tare da ya rage mata kome ba. Ya amsa tsohon zargin nan cewa ɗan Katolika bawan wani sarki ne na ƙetare, ya nuna cewa biyayyarmu ga Paparoma a kan al'amuran ruhu take, ba ta taɓa amanar da ke tsakanin mutum da ƙasarsa. Ya tuna musu da Charles Carroll, ɗan Katolikan da ya sa hannu a takardar shelar 'yancin Amurka. Abin da ya nema shi ne a cire gwajin addini ɗungum, domin a ganinsa hukuma ba ta da hurumin shiga tsakanin mutum da Mahaliccinsa.

Bai sami duk abin da ya nema ba. Taron ya cire kalmar Furotesta ya sa kalmar Kirista a madadinta. Ƙofa ta buɗe wa 'yan Katolika, ta ci gaba da zama a rufe ga Yahudawa irin su Jacob Henry har zuwa tsarin mulkin 1868. Da babu gara ba daɗi, Gaston ya karɓi rabin da ya samu.

Mu a nan, a kan takarda, mun fi shi gata nesa ba kusa ba. Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 10, ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini ya zama na hukuma. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini har da na sauya shi. Sashe na 42 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa ko asalinsa. Namu sashe na 32 ba a rubuce yake ba. Yana fitowa ne a fuskar wani ma'aikaci sa'ad da yaro ya je neman takardar shaidar asali ya faɗi sunansa, aka ɗaga kai aka dube shi, aka ce ya dawo gobe. Mun ga waɗanda suka gaji da dawowa gobe suka sauya suna a takarda, ba mu kuwa yanke musu hukunci, gama mun san abin da yunwa take sa mutum. Mun kuma ga waɗanda suka ce siyasa da aikin gwamnati ba namu ba ne, suka naɗe hannu. Gaston bai yi ko ɗaya cikin biyun ba, ya kuma ƙware a aikinsa har waɗanda ba sa ƙaunar addininsa suka rasa yadda za su yi ba tare da shi ba. Kada kuma mu manta akwai garuruwa a ƙasar nan inda Musulmi ne ake ce wa ya dawo gobe. Wanda ya fahimci abin da Gaston ya yi wa Jacob Henry ya san abin da ya wajaba a kan Kiristan da ke zaune a bayan wancan tebur.

A wannan taro na 1835 aka yi wata ƙuri'a da za ta kai mu ga ɗaya gefen rayuwarsa. Har zuwa lokacin, baƙaƙen fata 'ya'ya, wato waɗanda ba bayi ba, in suna biyan haraji suna da ikon jefa ƙuri'a a jihar. Aka kawo shawarar a ƙwace musu. Gaston ya yi tsayin daka a kan kada a yi, yana cewa mutanen nan 'yan ƙasa ne masu dukiya da iyali, ba daidai ba ne a ƙara musu ƙasƙanci saboda launin fatarsu. Aka kayar da shi da ƙuri'a 66 a kan 61. Taron da ya buɗe masa ƙofa shi ne ya rufe ta a fuskar wasu.

Sai mun san yadda jihar take kafin mu gane nauyin wannan. A ƙidayar 1830 kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanenta bayi ne, 'yan Afirka da zuriyarsu. Ɗaya daga cikinsu malami ne daga Futa Toro a ƙasar Senegal ta yau, Umar ibn Sa'id, wanda aka kai Amurka a 1807, ya zauna a hannun James Owen, ɗan'uwan wani gwamnan jihar, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831. A watan Agusta na wannan shekara wani bawa mai suna Nat Turner ya ta da tawaye a Bajiniya, dab da iyakar jihar, tsoro ya kama masu bayi, dokoki suka ƙara tsanani. Ba a cika shekara ba, a watan Yuni na 1832, aka gayyaci Gaston ya yi wa ɗaliban jami'ar jihar jawabi a Chapel Hill. Gaban 'ya'yan masu gandaye ya ce bauta ita ce mafi munin cutar da take damun kudancin ƙasar, tana kashe zuciyar aiki tana ɓata tarbiyya, ya kuma ɗora wa samarin nauyin neman hanyar kawar da ita. Ba kowa ne zai faɗi haka a wannan wuri a wannan shekara ya kwana lafiya ba.

Da ya hau kujerar alƙali, shari'ar da aka fi tunawa da shi a kanta ta zo a 1834. Wani bawa mai suna Will, a gandun James Battle a gundumar Edgecombe, ya yi cacar baki da wani bawa a kan fartanya. Aka kai ƙara wurin Richard Baxter, Baturen da yake lura da gandun, kamar dai sarkin gandu a wurinmu. Baxter ya ɗauko bindiga ya hau doki. Da Will ya ga haka ya sheƙa da gudu, Baxter ya harbe shi a baya. Da raunin a jikinsa ya ci gaba da gudu har aka cim masa, aka kama kokawa, ya zaro wuƙa ya yanki Baxter, jini ya ƙare masa ya mutu. Kotun farko ta yanke wa Will hukuncin rataya. Shekara biyar kafin nan, a 1829, wannan Kotun Ƙoli ta wanke wani John Mann da ya harbi wata baiwa mai suna Lydia tana gudu, alƙali Thomas Ruffin ya kafa hujja da cewa ikon ubangiji a kan bawa ba shi da iyaka. Ruffin ɗin nan shi ne babban alƙali sa'ad da maganar Will ta zo. Gaston ne ya rubuta hukuncin kotu: bawa mutum ne mai tsoro da fushi irin na kowane ɗan Adam, in aka nemi ransa ba bisa doka ba ya kare kansa, kisan da ya auku ba na ganganci ba ne. Will ya tsira daga igiya.

A 1838 kuma aka kawo maganar William Manuel, baƙar fata ɗa, wanda aka ci shi tarar dala 20 ya kasa biya, doka kuwa ta ce irinsa a ba da shi haya ga wanda zai biya. Gaston ya rubuta cewa duk wanda aka haifa a jihar, in ba bawa ba ne, ɗan ƙasa ne ko wane irin launi gare shi, bawan da aka 'yanta ma haka. Amma ya bar dokar hayar tana aiki, Manuel bai ci shari'arsa ba. Kalmomin ne suka yi tsawon rai. A 1857, a shari'ar Dred Scott, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa baƙar fata ba zai taɓa zama ɗan ƙasa ba. Wanda ya rubuta wannan mugun hukunci, Roger Taney, ɗan Katolika ne mai zuwa Misa. Alƙali Benjamin Curtis, wanda ya ƙi yarda, ba ɗan Katolika ba ne, da hukuncin Gaston kuwa ya kafa hujja.

Yanzu ga abin da ba za mu ɓoye muku ba. Mutumin nan da ya faɗi duk wannan yana da gandu a gundumar Craven, yana da bayi fiye da 100, suna kuma hannunsa har ranar da ya mutu. Masu kare shi sukan ce dokar jihar ta sa 'yanta bawa ya yi wuya ƙwarai: tun daga 1830 sai ubangiji ya ajiye jinginar dala 1,000 a kan kowane bawa, wanda aka 'yanta kuma ya bar jihar cikin kwana 90. Haka ne. Sai dai akwai wata ƙaramar ɗariƙa a jihar, 'yan Kwaka, waɗanda lamirinsu ya hana su riƙe bayi. Suka nemi hanyar da ɗariƙar za ta karɓi bayin da sunan mallaka, ta bar su su yi zaman kansu su ci guminsu, har a sami hanyar kai su jihohin da babu bauta. Lauyan da ya tsara musu wannan hanya, ya kuma kare su a kotu har aka kayar da su a 1827, shi ne William Gaston. Ya san hanyar, ya nuna wa wasu, shi bai taka ta ba. Laifi tudu ne.

Ba shi kaɗai ba ne a cikin Ikilisiyar zamaninsa, wannan ma ya fi ciwo. A 1838 Fadannin ƙungiyar Yesu na Maryland suka sayar da bayi 272, maza da mata da yara, yawancinsu 'yan Katolika da aka yi wa baftisma, ga masu gandaye a Luwiziyana, aka biya bashin kwalejin Georgetown da wani kashi na kuɗin. Ran 3 ga Disamba, 1839, Paparoma Gregori na 16 ya fitar da wasiƙarsa In Supremo Apostolatus yana la'antar cinikin bayi, amma Bishop England, aminin Gaston, ya rubuta jerin wasiƙu yana cewa safarar bayi daga Afirka Paparoma yake nufi, ba bautar da ke cikin gida ba. Aka daɗe kafin a tuba a fili. A watan Fabrairu na 1992 Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya tsaya a tsibirin Gore na Senegal, inda ake tunawa da waɗanda aka yi safararsu, ya roƙi gafarar Allah. A 2017 ƙungiyar Yesu da Jami'ar Georgetown suka nemi gafarar jikokin mutanen nan 272 fuska da fuska.

Kada kuwa mu karanta wannan kamar labarin wasu mutane can nesa. A shekarun da Gaston yake kan kujera ana sayar da mutane a kasuwar Kurmi, rinjoji suna kewaye da birnin Kano, kalmomin murgu da fansa da bacucane kuwa ba daga Amurka muka aro su ba. Dokar Turawan mulki ta 1901 'ya'yan da za a haifa daga baya ta 'yanta, ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, akwai tsofaffi a cikinmu da aka haifa kafin nan. Har yau in maganar aure ta taso, a cikin gidajen da ake karɓar Jikin Almasihu a layi ɗaya, akan koma gefe a yi raɗa a kan asalin yaro, wani lokaci a fasa. Akwai kuma yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye tana aikin gida ba makaranta ba albashi, da ɗan ƙodagon da ya yini a gonarmu aka ce ya dawo bayan kasuwa. Mai kukan an hana shi takarda a ofis yana iya zama shi ne Gaston na gidansa. Wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon gajeriya ce, ba ta cika shafi biyu ba, muna roƙon shugabannin zumunta su karanta ta a taronsu na wannan wata.

A 1840 aka nemi ya tafi Majalisar Dattawan tarayya, ya ƙi, ya zaɓi ya zauna a kotu. Ya rubuta wata waƙar yabon jiharsa wadda majalisa ta mai da ita taken jihar a 1927. Ran 23 ga Janairu, 1844, ciwo ya kama shi yana zaune a kotu a Raleigh, aka kai shi masaukinsa, ya ɗan farfaɗo har yana hira da abokansa, da daren nan ya cika yana da shekara 65. Aka kai gawarsa New Bern aka binne a maƙabartar Cedar Grove. Bayan shekara biyu jihar ta sa wa wata sabuwar gunduma sunansa, babban zauren taro na Jami'ar Georgetown ma sunansa yake ɗauke da shi. Bayin kudancin Amurka ba su sami 'yanci ba sai da aka yi yaƙin basasa, aka soke bauta a 1865, shekara 21 bayan mutuwarsa. Sa'ad da Roma ta turo James Gibbons ya zama Bishop mai kula da Karolina ta Arewa a 1868, 'yan Katolikan da ya tarar a jihar duka ba su kai 1,000 ba. Majami'ar Bulus Mai Tsarki ta New Bern, wadda aka fara a falon gidan Gaston, ita ce majami'ar Katolika mafi tsufa a jihar.